Garwashin Ɗan Auta

Gidanmu na unguwar Gomari yana kusa da filin jirgi. Ina ƙarama, duk jirgin da ya sauko sai na ɗaga masa hannu, ko Baba na ciki. A Abuja yake aiki, sai da Sallah muke ganinsa.

Bayan magariba Kaka takan jawo kasko, ta barbaɗa turaren wuta, mu zauna. Wata rana na ce mata cikin kuka, "Wa ya kai Abuja can nesa?"

"Nesa? Yagana, ke ba ki san nesa ba. Da kakanki ya tafi Ikko, sai da na yaye babanki ya dawo. Share majina, ki matso."

Ta ce an yi wata uwa mai 'ya'ya da yawa, murhunta a bakin teku, can ƙarshen gida. Kowace safiya 'ya'yan sukan zo ɗiban wuta a tsingaro. Na kusa su sami jan garwashi, baƙin da ke sauka daga jiragen ruwa ma su riga su. Auta kuwa ɗakinsa na can gabas. Kafin ya isa, garwashin ya zama toka. Ranar da uwar ta gan shi yana cin ɗanyen gari, sai ta kwashe duwatsun murhunta ta dasa a tsakar gida, inda ba ƙofar kowa ba ce, don kada wani ya ce wutar tasa ce.

"To yanzu tana isa wurin Auta?"

Kaka ta tona kaskon. "Tana isa, in wanda ya ɗauko bai daina hurawa ba."

A makaranta an koya mana cewa cunkoson Legas, wato Ikko, da haɗin kan ƙasa ne suka sa aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja. Ban ji abin da ya fi na Kaka ba.

Da na girma, ni ce a Abuja. Kaka takan kira ta ce, "Ƙawata, turarenki na ajiye." Ni kuma in ce wata mai zuwa. Ranar da aka ce min jikinta ya yi tsanani na hau jirgi, na leƙa rufin Gomari ta taga, amma an riga an kai ta makwancinta.

Na tarar da kwalbar turaren a gefen kaskon. Na sa hannu cikin tokar, ta yi sanyi.