Ɗakin Ajiyar Mita Takwas

Shekara talatin da ɗaya Alister Duthie ya yi yana hawa tuddan garin Nelson da tef ɗin awo a aljihu. Duk inda ƙasa ta zaftare bayan ruwa, shi hukumar inshora ke turawa. Ƙa'idar ba ta da wuya: ƙasar da ke cikin mita takwas daga gida, ko daga wani gini na gidan, gareji ne ko ɗakin ajiya, inshora ta san da zamanta. Wadda ta wuce nan, mai ita ya ji da ita. An yi masa kuka, an zage shi, wata tsohuwa har kare ta sakar masa. Amsarsa ɗaya ce: "Tef ba ya jin tausayi, ni kuwa riƙe shi kawai nake yi." A ofis Mita Takwas ake kiransa, kuma yana amsawa.

Gidansa ma a gangare yake. A ƙasan lambun akwai ɗakin ajiya na kwano da mahaifinsa ya gina, a gefensa kuma bishiyar lemun tsami, inda aka binne tokar gawar matarsa Glenys. Da ya yi ritaya sai ya kamu da ciwon mazan garin idan zama ya ishe su: gyaran abin da bai nemi gyara ba. Ya dubi ɗakin da idon injiniya, ya ga ginshiƙan sun ruɓe. Wata Asabar ya rushe shi, ya kai tarkacen juji, ya shuka ciyawa a gurbin. Aiki ya yi kyau.

Bayan wata biyu aka yi kwana huɗu ana sheƙa ruwa. Gangaren ya tsage, taku biyu daga bishiyar. In ba a gina katangar tare ƙasa ba, ruwa na gaba zai tafi da lemun da abin da ke ƙarƙashinsa. Fanshonsa kuwa ba na gina katanga ba ne.

Ngaire Tolhurst aka turo daga hukumar inshora, wadda shi ya koya wa aikin, yanzu ita ma furfura ta kama ta.

"Mita Takwas! Yau kai ne a wancan gefen tef ɗin?"

"Ki goge takalminki. Shayi na nan."

"Wainar nan kai ka gasa? Da ita ma za a iya gina katangar." Ta leƙa ta taga, sai dariyar ta tsaya. "Ina ɗakin babanka?"

"A juji."

"Kai, Alister. Da yana nan, daga jikinsa za a fara awo. Kai fa ka koya mana…"

"Na sani. Ki sha shayinki."

Suka fita. Ta ba shi bakin tef ɗin, ta nuna masa ƙarshen matattakalar dutse da ta sauka cikin lambun. "Tsaya can, tsoho. Idona ba ya gani sosai yanzu."

Ya san abin da take ba shi. Daga nan tef zai kai bishiyar kafin mita takwas su cika. Ya tsaya a wurin, ya dubi lemun, ya tuna da tsohuwa mai kare, wadda taƙi ɗaya ya raba ta da lambunta. Sai ya koma baya, ya danna bakin tef ɗin a bangon gidan.

"Matattakala ba gini ba ce," in ji shi. "Karanta."

"Sha ɗaya da rabi. Taurin kanka ne zai kashe ka."

"Rubuta."

Ta rubuta, da kyakkyawan rubutu, yadda ya koya mata.

Ranar Lahadi ya tono bishiyar da ƙasar gindinta gwargwadon abin da ƙarfinsa ya ɗauka, ya zuba a rabin ganga, ya jingina da bangon kicin. Bai san ko nawa ne na Glenys a ciki ba. Ganyen ya zube kafin wata ya ƙare. Har yanzu yana ba ta ruwa, kuma duk wanda ya tambaya yakan ce aƙalla yanzu tana cikin mita takwas.