Akuyar Da Ruwa Ya Wanke

Awaki uku na kashe wa Gwaggo kafin in cika shekara talatin, kuma ko ɗaya ban sa wa wuƙa ba.

Gwaggo ba jininmu ba ce. Tsohuwar ungozoma ce a unguwarmu a Daura, Kirista, mutuniyar wajen Malumfashi, ita ta karɓi haihuwata. Da mahaifiyata za ta rasu ta damƙa ni a hannunta, ita kuma ta yi alkawarin ba za ta sake ni ba. Da na yi aure sai ta ba ni akuya kiwo, irin wanda in ta haihu a raba 'ya'yan.

Ta farko leda ta ci, cikinta ya kumbura. Ta biyu na ɗaure ta a bayan babur zan kai ta Baure wajen wani bunsuru da ake yabo, na isa da igiya kawai. Kowane karo Gwaggo ta ce Allah ya kyauta, ta kawo wata. Ta ukun fara ce mai baƙin tabo a goshi. Ita kuma na bari ta shiga gonar da aka yi wa feshi.

Wannan karon na kasa faɗa mata. Tsoro nake ji kar ta ce ta gaji, don ita kaɗai ta rage a duniya mai kirana da sunan da uwata ke kirana da shi. Sai na tafi kasuwar Mai'aduwa na sayo farar akuya, na kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa, na zana mata tabo. Matata ta ce ya ma fi na asalin kyau. Wata biyu kullum safiya ina yi wa akuya kwalliya, ni da ko gemuna ba na tajewa. Gwaggo kan biyo ran Lahadi in ta taso daga coci, ta dubi akuyar ta ce ta yi ƙiba.

Asirina ya tonu a ruwan farko na damina. Muna zaune da Gwaggo a ƙarƙashin rumfa ruwa ya sauko, akuyar ta ƙi fakewa, baƙi na gangaro mata ta kan hanci. Da ta zama fara fat sai ta tako ta tsaya gaban Gwaggo tana tuƙa.

Na durƙusa na faɗi komai. Na roƙe ta ta zage ni, kuma wallahi zagin nake so, da na ji sanyi. Ta ce ai tuntuni ta sani, don tabon akuyarta ba ya yawo, wannan kuwa yau yana hagu gobe yana dama. Har haushi na ji da na tuna man gyaɗan da na ƙarar. Na tambaye ta me na yi da na cancanci wannan haƙuri.

"Ba ka yi komai ba, ɗana," ta ce. "Kiwo kam ba ka iya ba."

Ta ce a littafinsu Allah ya ƙulla alkawari da mutanen da ya san za su karya, shi kuwa bai karya nasa ba. Ita ma da ta yi wa uwata alkawari ba ta ce sai in na iya kiwo ba.

Lahadin da ta biyo ta shigo janye da akuya ta huɗu, baƙa wuluk. Ta ce ta zaɓo wadda ba za ta ci mini man gyaɗa ba. Ina cikin dariya ta miƙo mini igiyar, ta kira ni da sunan nan, sai ga hawaye a idona.