Ranar da Mutanen Iya Rekiya Suka Tafi Masallaci

Sunan Iya Rekiya a bakin faɗa na fara jin sa. Ina ƙarama a Jajaye, in Inna ta aike ni sayen gishiri na tsaya gaishe-gaishe har ruwan tuwo ya tafasa, sai ta ce, "Bara'atu, Rekiya ta Masar za ki gada ke nan?" Na ɗauka wata ce a tatsuniya. Sai da na shiga sakandare na san ƙanwar kakata ce, tana nan da ranta a Beli, kuma da gaske ta je Masar, ita kaɗai.

A Beli aka haife ta, a nan ta auri Malam Badaru, a nan ya rasu ya bar ta da yara. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta raine su. Ran kasuwar Rogo in ta fita da hantsi sai azahar take isa, don ba ta wuce ƙofar gida ba ta tambayi lafiyar masu shi ba, har da akuyar da ta ji an ce ta haihu. In aka tambaye ta hanya ba ta san gabas da yamma ba. Cewa take, "Ka bi ta wajen Kande mai koko, in ka ga Sulle maƙeri ka karya."

Da shekaru suka ja, idonta na hagu ya koma ganin inuwa-inuwa, na dama ma ya kama hanya, har ta daina bambance ruɓaɓɓiyar gyaɗa da mai kyau. Ɗanta Abdulmutalib, da ke aiki a Kaduna, ya samo mata asibiti a Alƙahira. Shi zai raka ta, sai bizarsa ta ƙi fitowa, ranar aikin kuwa ta matso.

"Ku sa ni a jirgin," in ji ta. "Can ɗin ba mutane ba ne?"

Wani ɗalibi ɗan Karaye, Kabir, shi ya tarbe ta, ya sama mata ɗaki, ya zauna har aka yi aikin aka rufe idon dama da bandeji. Ma'aikaciyar jinya ta yi bayani, Kabir ya fassara: kullum sai ta zo an wanke idon an sa magani, in ta yi fashi zai iya ruruwa, aikin ya tashi a banza. Kabir kuwa jarrabawa ta sha masa kai. Ya ce ta riƙa shiga tasi.

"Ɗan nan, wanda aka ɗauka a mota kaya ne, bai san gari ba. Ka taka da ni sau ɗaya."

Suka taka. Garin ya fi ƙarfin a kwatanta, gidaje bisa gidaje, motoci ba sa numfasawa, ita kuma da rabin ido. Sai ta yi abin da ta iya, ta nemi mutane. Da farko akwai mai burodi, ƙamshin tanderunsa ke riga shi sallama. A kwana akwai mai guga, tsoho, wanda ke fesa wa riga ruwa da baki. Daga shi sai mai matse rake a bakin babban titi, in an tsallaka ga asibiti.

Kowannensu sai ta tsaya ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, kwana, gajiya, iyali, aiki, ta miƙa masa ƙuli-ƙuli daga ƙullin mayafinta. Ban da sallama ba su jin komai a maganarta. Duk da haka ta gaya wa mai rake cewa rakensa bai kama ƙafar na fadamar Karaye ba, ya yi dariya ya ƙara mata a kofi. Mai guga kuwa bai huta ba sai da ya iya cewa "Lafiya lau."

Sai Juma'a ta zo. A Beli Juma'a ba ta hana mai koko fitowa, don haka ba ta kawo komai a ranta ba. Kabir dai ya gaya mata ran Juma'a ma'aikaciyar kan tashi kafin la'asar. Iya ta fito da rana ta tarar da layin shiru, an sauke ƙofofin ƙarfe, kowace kamar 'yar'uwarta. Ba ƙamshin burodi, ba hucin dutsen guga. Ta karya inda take zaton kwana ce, ta sake karyawa, sai ga ta ƙarƙashin wata gada da ba ta taɓa jin ƙararta ba. Ta kira Kabir, waya a kashe. Idon ya soma ƙaiƙayi a cikin bandeji.

Ta tuna abin da ake gaya wa yara in sun ɓace a gonar dawa da ta fi tsayinsu: kada ka yi ta tafiya, tsaya ka kasa kunne. Ta kasa kunne, ta ji huɗuba a lasifika. Ta bi muryar har ƙofar masallaci, ta zauna gefen takalma.

Da aka sallame, maza suka fito kamar an buɗe dam. Ba ta ganin fuska, don haka duk inuwar da ta gifta sai ta ce, "Ina wuni? Ya aiki? Ya iyali?" Wasu suka ratse. Wani ya sa mata kwabo a hannu, ta mayar masa. Ta ci gaba har maƙogwaronta ya bushe, mutane suka fara ƙarewa.

"Lafiya lau," in ji wata murya a kanta.

Mai guga ne, cikin farar jallabiya. Ya kama bakin mayafinta ya kai ta har wajen mai rake, wanda ke ɗaga ƙofarsa a lokacin. Shi kuma ya ɗaga wa motoci hannu ya tsallakar da ita. Suka tarar ma'aikaciyar ta rataya jaka, ta ajiye ta wanke hannu.

Idon ya warke. Bara da na je Beli na same ta a gindin mangwaro da faifai a cinya, tana tsince gyaɗa ba ko gilashi. Na ce mata ina rubuta labarin danginmu.

"Ke da ba ki iya dama fura ba?"

"Iya, ai biro ba ya gudaji."

Ta yi dariya har faifan ya karkata, ta cika min hannu da gyaɗa.

"To, ƙawata, abu ɗaya nake roƙo. Uwarki tana bazawa wai na ɓata a Masar. Kada ki rubuta haka. Ki rubuta mutanena ne suka tafi masallaci, na je na jira su."