Allurar da na ce ba ta motsa ba

Maigidana mai gyaran wayarin mota ne a Jalingo, kuma a shekara ashirin da muka yi tare, sau uku kacal na zauna kusa da shi a gaban mota. Duka ukun a mako guda ne.

Wani Alhaji, dillalin shanu, ya kawo masa wata mota tokumbo mai sitiyarin zamani. A cikin gari sai ya yi laushi, da yatsa ɗaya ma a juya shi, in an hau titi ana gudu kuma ya yi nauyi da kansa. To na Alhaji ya haukace. Ana tsakiyar gudu sai ya saki, motar ta shiga rawa. Makanikai sun ɗura mai, sun canza famfo, a banza. Alhaji ya ce in Juma'a ta yi ba a gyara ba zai kai ta Jos, kuma kowa a tasha zai ji cewa aikin ya fi ƙarfin maigidana.

Ciwon ba ya nuna kansa sai mota na tafiya, ga shi masu taya shi aiki duk sun tafi tonon doya. Sai ya shigo gida ya ce, “Kai, zo ka riƙe mini mita.” Ɗan ƙabilar Mumuye ne, har ya rasu “kai” yake ce mini, na gyara masa har na gaji.

Ya maƙala mitar a wayar da ke kai labarin gudu daga agogon mota zuwa wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗora mini a cinya. In sitiyari ya saki allurar mitar ta faɗi, waya ce. In ba ta faɗi ba, akwatin ne, kuma wannan sai Jos.

Muka ɗauki hanyar Mutum Biyu. Wayyo, iska! Ba yara, ba tukunya, ga shi yana ta ba ni labarin ƙuruciyarsa da ban taɓa ji ba. Dab da Iware muka faɗa wani rami, allura ta zube ƙasa, motar ta yi rawa.

“Ya faɗi?”

“Ban gani ba.”

Ƙarya nake, wallahi na gani. So nake mu sake fitowa. Washegari ma haka na yi masa, ko kunya babu.

Ran Alhamis ko koko bai sha ba. A mota sai cizon leɓe yake yi. Da muka faɗa ramin nan na ce, “Baban yara, ta faɗi. Shekaranjiya ma ta faɗi, jiya ma.”

Na jira faɗa. Ya dube ni, ya dubi titi, can sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Bai juya motar ba.

“Bari mu kai Mutum Biyu, a tabbatar.”

Can ya saya mini gasasshen kifi, muka ci a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Wayar kuwa, a bayan agogo ta goge, minti biyar ya ɗaure ta. Alhaji ya karɓi motarsa kafin masallaci.

Yanzu 'ya'yana na da motoci, a baya suke sa ni don girmamawa. Mitar tana cikin akwatin kayana. Ina kewar mutumin nan, kuma ba wanda ya ƙara ce mini “kai”.