Ranar da Kaka Ta Faɗa Tsakiyar Kolo

Jiya ina kakkaɓe akwati na ci karo da wani jan hankici, sai ga ni ina dariya ni kaɗai.

Ina 'yar shekara tara Kaka ta zo daga Jos rainonmu, lokacin muna haya a ƙasar waje, a bayan titin Wendover. Wata uku kacal ta yi ta ɗaure kayanta. Ba ta jin Turanci, ba mai leƙo ta, wai an kawo ta kurkuku mai kafet. Kullum maganarta a mai da ita gida. Ni kuwa ban so ta tafi ba, don ita ke mini kitso da tatsuniya.

A benen ƙasa akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Sabiya, gaisuwarsu da Kaka ba ta wuce ɗaga hannu. Wata Asabar da zafi jikar tsohuwar ta yi aure, farfajiya ta cika da ƙamshin gasasshen nama. Wani mai gashin baki ya rungumi abin kiɗa mai kama da zugazugi. Maza da mata suka kama hannu suka yi da'ira, kafaɗa a tsaye, ƙafa kaɗai ke aiki, na gaba yana kaɗa jan hankici.

Ka dai san mu, in an yi da'ira to an buɗe wa gwani fili. Kaka ta gyara ɗaurin zani, ta kutsa ta ƙarƙashin hannun mutane, ta faɗa tsakiya tana karya kafaɗa, har da guɗa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tsohuwar ta saki hannun na kusa da ita, ta jawo Kaka cikin layi. Ta ce in fassara wa Kaka: sunan rawar kolo, tsohuwar kalmarsu ce ta ƙafar amalanke, wadda ke juyawa gaba ɗaya, don haka ba a barin kowa shi kaɗai a tsakiya.

"Ce mata a garinmu tsakiya ta gwanaye ce," in ji Kaka, "amma na ji."

Ta tattake ƙafafun mutane son ranta. Kafin la'asar an miƙa mata hankicin, ita ke jan layi. Washegari tsohuwar ta hawo da gahawa, suka yi ta hira kowa da yarensa, Kaka ta kwance kaya. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara yi da mu.

Yanzu ina garin Summerfield, ga fili har fili, amma ni da maƙwabciyata sai ɗaga hannu daga mota. Ranar Asabar 'yata za ta cika shekara tara. Na wanke hankicin na goge, gobe zan je in ƙwanƙwasa ƙofar matar nan in gayyace ta.