Abin da ya tsiro a ƙasan jirgina

Ni ɗan Sarkawa ne daga Yawuri, kuma duk wanda ya zauna da ni na minti goma a Alexandria ta Amurka ya san haka, don ba na bari a tashi ban faɗa ba. Mahaifina masunci ne, mahaifinsa ma haka. Ni ne na ajiye filafili na bi boko har na zama injiniya. Ranar da zan bar gida Baba ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce wannan hannun bai san ruwa ba. Bai faɗa da faɗa ba, amma maganar ta zauna mini a wuya shekara ashirin.

Saboda maganar nan na sayi jirgin ruwa. Ƙarami ne, fari, na hannu, mai inji a baya. Matata ta ce in dai ruwa nake marmari ga baho nan a banɗaki. Na yi mata banza. Damina biyu yana ɗaure a kogin Potomac, ruwan daɗi irin namu, kuma abin da ya taɓa kama ƙasansa bai wuce gansakuka ba, wadda nake gogewa da buroshi ina fito.

A shekarar da Baba ya samu bizar zuwa ganin jikokinsa, sai na ga kogi ya yi mini kaɗan. Kogi ai ya gani har ya gaji. So nake in ɗora shi a ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar, ni a kan sitiyari. A watan Afrilu na mayar da jirgin wata ƙaramar tashar jiragen ruwa a bakin mashigin teku na Chesapeake, inda ruwan ke da gishiri.

Mai kula da tashar wani dattijon Bature ne, fatarsa duk rana ta gasa. Ya leƙa ƙasan jirgin ya ce babu fenti. Ya ce a nan sai an shafa wani fenti mai tagulla wanda ke hana abubuwa mannewa, in ba haka ba kuma in riƙa fitar da jirgin tudu duk lokacin da na gama yawo. Fitar da jirgi tudu! A gidanmu wanda ya bar kwalekwale a tudu rana ta tsaga katakon, har jikokinsa sai an yi musu gori. Na yi masa murmushin da ake yi wa yaro, na ce kakannina a kan ruwa aka haife su. Ya ɗaga kafaɗa ya koma rumfarsa. Ban ko tsaya na tuna cewa nawa jirgin ba na katako ba ne.

Aiki ya riƙe ni. Wata biyar ban kunna injin ba. Sau biyu na je na wanke samansa, yana ta ƙyalli, na koma gida ina yaba kaina.

Baba ya zo a watan Satumba. Na ajiye fitar har Asabar ɗinsa ta ƙarshe, don ta zama abin da zai kai gida. Da hantsi muka isa. Ya naɗe babbar rigarsa ya shiga jirgin ba tare da ya dafa komai ba, yana da shekara saba'in da wani abu. Na tayar da inji, na kwance igiya, na tura giya.

Injin ya yi ruri, jirgin ya ja jiki kamar tsohuwar saniya. Na ƙara wuta, sai karkarwa ta kama shi tun daga baya har haƙorana. Ba mu kai ƙarshen layin jirage ba wata ƙara ta fara tsuwa, alamar inji ya yi zafi. Na kashe. Baba ya sa hannu a ruwa ya ɗanɗana, ya tofar. Sai ya zura hannun ƙasan jirgin ya shafa. Da ya fito da shi jini na bin yatsunsa.

Dattijon nan ne ya jawo mu da nasa jirgin, ya sa injin ɗagawa ya ciro namu da manyan ɗamaru. Da ƙasan ya bar ruwa na ce innalillahi da ƙarfi, ban san na faɗa ba. Babu fari ko na tafin hannu. Wasu ƙananan halittu masu ɓawo mai kaifi kamar ƙumba sun hau juna, dubbai, sun yi masa sulke tun daga hanci har wutsiya. Farfelar injin ta zama dunƙulen dutse. Ramin da inji ke shan ruwa ya toshe. Ciyawa na reto kamar gemu, ƙananan kaguwa na faɗowa ƙasa suna gudu, ga ƙarni mai tayar da zuciya. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne suna da rai: ina jin su suna wani ƙas-ƙas, suna rufe bakinsu. Wata biyar ina goge sama, gari guda na ginuwa a ƙasa.

Baba ya zagaya jirgin sau biyu, baki buɗe. Shi ma bai taɓa gani ba. Ya nuna dattijon da haɓa.

"Wanga shi ne mai ruwan nan?"

Na ce shi ke kula da wurin.

"Da ka zo, ka gaishe shi? Mi ya ce maka?"

Na so in yi ƙarya, amma mutumin na tsaye a gabanmu. Na faɗi maganar fentin, na faɗi amsar da na ba shi.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba, ko ranar da ambaliya ta tafi da komarsa ta kamun kifi. "Ni da furfurata," ya ce, "in na sauka ruwan da ba nawa ba, ba ni jiƙa ƙafa sai na tambayi masu shi. Kai kuwa, mai ruwa ya gaya maka da bakinshi, ka ce mishi kakanninka?"

Sai ya cire hularsa, ya taka har gaban Baturen ya rusuna. Mutumin ya ruɗe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Baba ya waiwayo ni.

"Zo ka fassara. Ka ce ya yi haƙuri. Ka ce laifina ne, rabin sana'ar na koya maka ka tafi."

Na ce, "Baba, ba sai an..."

"Ka faɗa mishi duka."

Na faɗa da Turanci, kalma bayan kalma, ina kallon takalmina. Dattijon ya shiga rumfarsa ya fito da ƙarafan kankarewa guda biyu. Baba ya ɗaure yatsunsa da hankici, ya zauna a ƙasan jirgin ya fara kankarewa, ya miƙo mini ɗayan ba tare da ya dube ni ba. Har la'asar muna nan, ɓawo na zubo mana a ka. Jirgin saman da zai mayar da shi gida ya tashi ranar Talata, kuma bai sake zuwa Amurka ba. Iyakar tafiyar da na yi da mahaifina a ruwan gishiri ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba.