Sawun Da Na Bi A Bayan Rumbun Babana

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyenmu ba. Ya isa a san cewa kasuwar Ɗanbatta muke ci. Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ban zama ɗan boko ba, ban kuma yarda ni manomi ba ne. Abin da kawai na tsira da shi daga makaranta shi ne karatun littattafan masu binciken laifi. Akwai wani mutum da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin tasha ran kasuwa, wasu na Hausa, wasu na Turanci da bangonsu ya yage. Na Turancin rabi nake ganewa, sauran in cike da kaina. Duk labarin ɗaya ne: an yi ɓarna, kowa ya ruɗe, sai wani mai kaifin ƙwaƙwalwa ya bi sawu, ya tara jama'a, ya nuna mai laifi da yatsa. Ni a raina ni ne mutumin nan. Har littafin rubutu na saya wai zan rubuta nawa, abin da ya rage mini kawai a yi laifin.

Shekarun nan ne da aka yi fari a jere. Wanda ya gani ya sani. Tsakiyar damina ce, gero bai nuna ba, na bara ya ƙare a yawancin gidaje, mata sun koma tafasa da rama da ɗan ƙuli a kai. Mu Allah ya rufa mana asiri, Baba yana da rumbu guda da bai taɓa ba, a bayan gida cikin danga. Wata safiya na zagaya sai na ga jinkar rumbun ta ɗan karkace, ga zangarniya biyu a ƙasa, ga kuma sawun takalmin taya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wallahi ba baƙin ciki na ji ba, daɗi na ji. Na ruga na gaya wa Baba. Ko ɗagowa bai yi daga gyaran ƙotar fartanyarsa ba, ya ce ɓeraye ne, in bar shi. Na ce Baba yaushe ɓera ya fara sa takalmi. Ya dube ni, ya ce tunda idona na gani haka, in je in ga ciyawar da ta cinye gyaɗarmu ta gabas. Na ɗauka tsufa ne ya sa shi sakaci.

Na shiga bincike kamar yadda na karanta. Na karyo kara na auna tsawon sawun. Na lura ƙafar hagu ana jan ta, kuma dunduniyar takalmin akwai faci. Duk bayan kwana biyar ko shida sai dami ɗaya ya ragu, ba ya wuce ɗaya. Na riƙa zama a ƙofar masallaci ina duba takalman mutane suna salla, ku ji rashin ta ido. Inna ta gane abin da nake yi, ta kira ni ɗaki ta ce don girman Allah in fita daga maganar rumbun nan, mai rumbu bai yi kuka ba, ni mene ne nawa. Na ce mata ai su ba su san yadda ake irin wannan aiki ba. Ta ce to, Allah ya shirye ni. Cikin mako biyu na gano mai takalmin. Maƙwabcinmu ne, dattijo sa'an Baba, wanda kaza ba ta taɓa yin ƙara a kansa ba, mai 'ya'ya bakwai. Da hannunsa ya koya mini riƙon garma. Na zagaya bayan gidansa na ga sabon ƙaiƙayi, alhali kowa ya san rumbunsa ya daɗe da zama fanko. A cikin ƙaiƙayin na tsinci guntun igiyar rama mai ƙulli biyu, irin ɗaurin Baba.

Da ina da hankali, da nan na tsaya. Amma a littafi ba a gama labari a ɓoye. Bayan la'asar, jama'a sun taru a ƙofar mai unguwa, na miƙe na ce ina da magana. Na fito da karan awo, na fito da igiya, na jero bayani ɗaya bayan ɗaya har da gyaran murya, na ajiye sunan sai ƙarshe don a ji daɗin labarin. Mai unguwa ya katse ni sau biyu, yana cewa yaro zauna, a yi maganar a zaure. Ban zauna ba. Na faɗi sunan, na nuna takalmin da ke gefen tabarma. Dattijon bai musa ba. Ya ce gaskiya yaron ya faɗa, shi ne. Ya tashi ya sa takalmin a gaban kowa, ya tafi yana jan ƙafa. Samari suka bi shi da ihu, wani ma har da jifa. Ni kuwa ina tsaye ina jiran a yaba mini.

Baba bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Ya zaunar da ni ya ce tun daren farko ya sani. Ya ce shi da kansa ya cire ƙayar da ke bayan danga, shi ya jawo dammunan kusa da baki don kada mai ciwon ƙafa ya wahala. Ya ce sau biyu yana aika wa mutumin nan da hatsi da rana, yana dawo da shi da rantsuwar cewa suna da abinci, domin irin mutanen nan ne da gara su mutu da a gan su da ƙoƙo. Ya tambaye ni ko a cikin bincikena na gano wanda ya yi mana maimai a gonar fadama, wadda muka tarar a nome ba mu sa kowa ba. Sai a lokacin na gane dattijon ne. Ya ce mai unguwa ya sani, liman ya sani, Inna ta sani, duk garin manya ni kaɗai ne ban sani ba, kuma ni ne mai ilimin. Daga nan ya ce in tashi in ba shi wuri.

Kwana uku bayan haka dattijon ya kwashe iyalinsa ya bar garin, geronsa na tsaye a gona saura kaɗan ya nuna. Baba ne ya girbe shi, ya ɗaure, ya ajiye masa, bai dawo ba. Auren 'yarsa da aka sa rana ya watse. Bayan shekaru na shiga Kano neman sa har sau uku, daga baya na ji wai ya rasu a wata unguwa yana gadin gidan wani. Ban samu na roƙi gafararsa ba. Baba ya rayu shekara goma sha wani abu bayan nan, bai sake shawara da ni a kan komai ba, ko kan akuya. Har yau ina da furfura a gemu, in na wuce majalisa sai wani ya ce ga Sufeto nan, a ɓoye takalma. Abin da ke ƙona mini rai, masu faɗin haka su ne suka yi ihun ranar, har mai jifan yana cikinsu, yanzu duk sun zama salihai, ni kaɗai ne mugu.

Ban ce littafi ne ya yi laifin ba, ni na yi. Amma ina da magana da masu rubuta irin waɗannan labarai, da yaran da ke haɗiye su yanzu a waya. Ku kullum labarinku yana ƙarewa ne a inda aka kama ɓarawo. Ba wanda ya taɓa rubuta mini abin da 'ya'yansa suka ci washegari, ko yadda matarsa ta fita ɗiban ruwa a idon mata. Ni na ga wannan shafin, kuma shekara talatin ke nan ina karanta shi. Duk wanda ya ga manya sun ga abu sun kau da kai, kada ya ɗauka makanta ce. Ya fara tambayar kansa wa za a tozarta in ya buɗe baki. Ni duk abin da na faɗa a ƙofar mai unguwa gaskiya ne, ko kalma ɗaya ban ƙara ba, kuma da ita na kori mutum tara daga gidansu ana tsakiyar yunwa.